TSOKACI DAGA KEBBI: Dodon Faransa da Jakin Zinare

Kwanan baya ina zaune a shagon wani abokina mai tura finafinai a waya a kasuwar Jega, sai ya kunna wani tsohon fim baƙi da fari. Kafin ka ce kwabo, samari masu jiran motar Aliero da Maiyama sun cika ƙofar shagon. Babu mai jin Faransanci ko ɗaya a cikinsu, amma wallahi ba wanda ya motsa.

Fim ɗin shi ne La Belle et la Bête, wato Kyakkyawa da Dodo, wanda Jean Cocteau ya yi a 1946, ana gama Yaƙin Duniya na Biyu. Ba kwamfuta a lokacin. Hannayen mutane ne ke fitowa daga bango riƙe da kyandir, gumaka kuma na juya ido suna bin yarinyar da kallo. Jarumin, Jean Marais, sai ya shafe awoyi ana manna masa gashi kafin ya zama dodo. Kiɗan da Georges Auric ya tsara shi ke gaya maka inda za ka tsorata da inda za ka ji tausayi. Shi ya sa samarin nan ba su nemi tafinta ba.

Akwai kuma Peau d'Âne na Jacques Demy, 1970. Catherine Deneuve ce gimbiyar da ta gudu daga fada sanye da fatar jakin da ke kashin zinare, saboda mahaifinta sarki ya ce sai ya aure ta. Michel Legrand, wanda ya rasu a 2019, shi ya yi waƙoƙin. Har da waƙar haɗa kek, inda gimbiya ta jefa zobenta a kwaɓin don yarima ya gano ta. Ka ga waƙar tana tura labari gaba, ba cusa ta aka yi ba.

To mu fa? Ai ba mu rasa irin wannan ba. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Sarauniya na Kano ya ɗauko tatsuniyar Daskin Da Riɗi ya mai da ita fim, jama'a kuma suka karɓa hannu bibbiyu. A maƙwabciyarmu Nijar, marigayi Moustapha Alassane ya yi Toula tun farkon shekarun 1970, labarin budurwar da aka ba dodon ruwa don a samu damina.

Amma daga baya sai furodusoshinmu suka fi karkata ga kwaikwayon Indiya: saurayi ɗaya, 'yan mata biyu, a shiga lambu a yi rawa. Gizo da Ƙoƙi kuwa aka bar su a bakin kakanni, kakannin kuma suna ta tafiya.

Shawarata ga daraktoci: ku je Maiyama ko Aliero da rikoda, ku zauna da tsofaffi. Ku sa kalangu, gurmi da sarewa kusa da fiyano, ku bar waƙa ta yi aikin labari. Idan dodon Faransa zai tsayar da samarin Jega bayan kusan shekara 80, me zai hana namu?

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.