Masu Tafi Sun Yi Yawa, Ina Masu Taka Ƙwallon?

Tun cikin 1957 ƙasashen Afirka su ke aikawa da gwanayensu na ƙwallon ƙafa su taru a ƙasa guda, su yi ta karawa har a sami wadda ta kā da saura ta ɗauki kofi. A birnin Hartum na Sudan aka fara, da ƙasa uku tak, watau Masar da Sudan da Habasha. Ta huɗun, Afirka ta Kudu, hana ta shiga aka yi, don ta ƙi haɗa baƙaƙe da farare cikin ƙungiya ɗaya. Nijeriya ta ɗauki kofin nan a Ikko cikin 1980, da ta ci Aljeriya uku ba ko ɗaya, ta kuma ɗauka a Tunisiya cikin 1994, sa'an nan a Afirka ta Kudu cikin 2013.

Ran 11 ga Fabrairu 1924 ba a san wannan wasa ba a ƙasar Katsina ta kudu, amma ran 11 ga Fabrairu 2024, da Nijeriya ta kai wasan ƙarshe a Abijan, samarin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba su da wani zance sai shi. Ƙarfe tara na dare aka fara, a garuruwan da mutane ke gudun dare ya yi musu a waje. Duk da haka mai kuɗin shiga ya tafi gidan kallo, marar kuɗi ya kanga kunnensa ga rediyo. Nijeriya ta fara ci, aka yi sowa. Kwaddibuwa ta rama, ta ƙara ɗaya, kowa ya koma gida jiki a sanyaye, kamar an yi masa rashi.

A irin wannan rana ce manya su kan miƙe su ce ƙwallo ya haɗa kan ƙasa, babu Kudu babu Arewa. Maganar tana da daɗin ji, amma rabin gaskiya ce. An haɗa kai wajen tafi, ba a haɗa ba wajen rabo. 'Yan wasan da suka zo na biyu a Abijan, Shugaban Ƙasa ya ba su lambar girma, da gidaje, da filaye a Abuja, kamar yadda Shugaba Shehu Shagari ya ba na 1980 gidaje da motoci. Ba wanda zai yi musu hassada, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Abin tambaya shi ne, cikin wannan alheri duka me ya gangaro ga yaron da ke buga ƙunshin tsumma ba takalmi a bayan makarantar firamare ta Sabuwa? Manomin Faskari ya san ba a zuwa gona ran girbi kaɗai. Masu riƙe da sha'anin ƙwallo kuwa, in gasa ta matso sai su bazama Ingila da Italiya su tattaro waɗanda wasu suka rena, in an ci su ce aikinsu ne, in an faɗi su kori mai koyarwa.

Waɗansu su kan ce ai yaran Arewa ba su da ƙafar ƙwallo. Wannan magana ba ta kai a tsaya kanta ba, sai dai don kada a ce an rasa amsa. Rashidi Yekini, wanda ya fi kowa jefa ƙwallo a raga a gasar 1994, a Kaduna aka haife shi, can kuma ya fara. Daniel Amokachi da Garba Lawal 'yan Kaduna ne. Tijjani Babangida shi ya jefa wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a Ikko cikin 2000, ya kai Nijeriya wasan ƙarshe. Ahmed Musa ya taka wa Kano Pillars kafin ya shiga cikin waɗanda suka ɗauko kofi a 2013. Amma mai karatu ya lura, kusan dukansu daga manyan birane suka fito, inda akwai fili, da ƙungiya, da idon da zai ga yaro. Sai Zaidu Sanusi, ɗan Jega ta jihar Kabi, wanda ya bi ta Fotugal har ya tsaya cikin fili a daren nan na Abijan. In Jega ta haifi ɗaya, me zai hana Ƙanƙara? Akwai babban filin wasa na Muhammadu Dikko a birnin Katsina, akwai ƙungiyar Katsina United, amma tsakanin yaron Sabuwa da ƙofar filin nan babu matakala ko ɗaya da zai taka.

Akwai wata magana da ta fi wannan nauyi, ba kuwa za a raina ta ba. Mai faɗinta ya kan ce, mutanen da 'yan bindiga suka hana noma, suka kore musu shanu, wa zai zo musu da zancen tamaula? Lalle ciwon babba ne. Ran 11 ga Disamba 2020 aka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara da dare, aka kora yara fiye da 300 cikin daji, sai bayan kwana shida aka sako su. Cikin Satumba 2021 aka yanke layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da waɗannan uku, mutum ya kasa jin lafiyar ɗan'uwansa na wani gari. Ba mai hankalin da zai ce ƙwallo na maganin bindiga. Amma fa filin ƙwallo a jikin makaranta ya ke. Makarantar da aka tsare har yara suka iya tsayawa wasa da la'asar, ita ce wadda uba zai saki jiki ya aika da ɗansa da safe. Saurayin da ba gona, ba aji, ba wasa, yini ya ke a bakin tasha yana jiran wanda zai kira shi, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Barin yara haka har ranar da lafiya ta samu, kamar a ce kada a yi shuka ne sai an tabbata fara ba za ta zo ba.

Iyaye ma suna da nasu laifi. Uba zai kwana yana yabon Osimhen, gari ya waye ya ga ɗansa da ƙwallo ya bi shi da tsumagiya, wai shiririta ce. Shiririta ce in ba mai lura. In malami ne ke riƙe da usur, ya ce wanda bai zo aji ba ba zai sa rigar makaranta ba, wasan da kansa zai riƙa koro yara cikin aji.

Abin da a ke bukata bai kai kuɗin gida ɗaya na Abuja ba. Kowace firamare a bar mata filinta, kada a yanka shi a sayar, kada a gina shaguna a kai. A kafa turaku, a sayi ƙwallo. Bayan an kawar da amfanin gona, makarantun kowace ƙaramar hukuma su kara da juna da rana tsaka, zakarun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa su haɗu, a kuma aika wa masu zaɓen 'yan wasa na Katsina su zo su zauna su gani da idonsu. Hakimai da dagatai su sa baki, gama fili ba ya salwanta a gari ba da sanin mai gari ba.

Wanda ya fita daga ajin yaƙi da jahilci ya san zafin a ce dama ta wuce mutum yana yaro, ga shi kuwa yanzu alƙalami na hannunsa. Ya sami takarda ya rubuta wa kansilan mazaɓarsa, ya tambaye shi taki nawa ne filin makarantar unguwarsu, wa ke nome gefensa, yaushe rabon da a yi gasa a kansa. Ya sa kwanan wata, ya sa hannu, ya ajiye kwafi ɗaya a gida.