Mai keke ma da ransa ya fito: zare kan titin Kwanar Dangora zuwa Doguwa

1/ Ɗazu na ga wani ya saka hoton wani dattijo a kan keke, buhu ɗaure a kariya, ya rubuta wai "Allah ka raba mu da talauci". Ƙasa kuwa sai dariya ake. Na yi ƙoƙarin haɗiye abin ya ƙi wucewa. Bari in yi zare, wanda zai ji haushi ya ji. 🧵

2/ Ni ɗan Kano ta Kudu ne. Wanda bai san yankin ba: in ka taso daga Kano ta titin Zariya, ka wuce Kura, za ka iso Kwanar Dangora. Nan hanya ta rabu. Ɗaya ta miƙe Zariya, ɗaya ta yanka Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore, ta bi ƙasar Doguwa ta nufi Saminaka da Jos.

3/ Je ka tsaya a bakin ɗaya daga cikin titunan nan bayan sallar asuba. Ka ga wa ke wucewa. Manomi da fartanya a kariya. Ɗan makaranta ya goyo ƙaninsa. Malamin firamare. Mai itace. Mai kai madara. Daga Bebeji har Kiru har Riruwai, da keke ake tashin gari.

4/ Amma wa aka yi wa titin? Tirela, tifa, Sharon da Homa. Mai keke a lissafin masu zana titi kamar kaza ne, in ya ji hon ya faɗa ciyawa, in bai faɗa ba shi ya jiyo.

5/ Bara da kaka wani maƙwabcinmu ya taso daga gona gab da magariba. A gefensa yake tafiya, bai shiga hannun kowa ba. Wata motar haya ta fito za ta wuce tirela, ta ga mota na zuwa, sai ta sauka gefe. Gefen nan shi ne inda yake. Ko asibiti ba a kai da shi ba.

6/ A zaman makoki kalma ɗaya ce ke yawo: "kwana ya ƙare". Babu wanda ya tambayi gudun nawa direban ke yi. Babu wanda ya tambayi dalilin wuce tirela a kan kwana. Kwana uku aka watse. Keken na nan jingine a zaurensu, ƙafar gaba a lanƙwashe, yaransa na wucewa ta gabansa kullum.

7/ Kafin wani ya zo min da wa'azi: na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi. Amma addinin da ya koya mana ƙaddara shi ne ya ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Yana nan a Suratun Nisa'i. Azumin wata biyu a jere fa. Da rai abin banza ne, da ba a sa wannan nauyin ba.

8/ Mu kuwa mun mayar da "ƙaddara" bargon rufa wa ganganci asiri. In ɗan babban mutum aka buge, a nan ne za ka ga ana neman lambar mota da lauya. In mai keke ne, sai a ce a yi haƙuri, a yafe, direban ma ɗan uwa ne. Haƙurin nan kullum a gidan talaka yake kwana.

9/ Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin titi duk shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur. Wato waɗanda ba su da ƙarfe a kewaye da su. Wato mu.

10/ Hukumar ta kuma ce in mota ta bugi mai tafiya a ƙasa, haɗarin mutuwarsa na ninkawa sau huɗu da rabi in gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa. Ƙarin 15 kacal. To ka tuna irin gudun da ake ratsa Kwanar Dangora da shi, mutane na tsallakawa da kaya a ka.

11/ An gyara titin Kano zuwa Zariya, ya yi sumul, mun gode. Amma titi mai kyau da ba a yi wa mutanen gefensa tanadi ba, gudu kawai yake ƙarawa. Da ramuka ne ke sa direba taka birki. Yanzu me zai sa shi? Garuruwan da titin ya ratsa ba su tashi ba. Gona na can tsallake, gida na nan.

12/ Wani zai ce "ai keke ci baya ne, mu nemi mota". Malam, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, mutum nawa ka sani da suka jingine babur suka kakkaɓe keken babansu? Je wajen mai faci a garinku ka tambaye shi ko kasuwa ta ragu.

13/ Kuma wai ci baya. A Holan, lokacin da Mark Rutte yake firaminista guda, a kan keke ya riƙa zuwa ofis. Kar ka ɗauka haka Allah ya halicce su. A 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a titunansu, sama da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya.

14/ Surutun iyayen nan, da tsadar man 1973, su suka tilasta wa gwamnatinsu ware wa keke hanyarsa da rage gudu a cikin unguwanni. Su da yaransu suka mutu sun yi fushi. Mu namu na mutuwa muna saka hoton kakansu muna dariya.

15/ A nan gida ma an taɓa gwadawa. Zamanin Obasanjo, ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran a koma hawa keke, har ya riƙa hawa da kansa a Abuja. Mota ta ture shi ya faɗa kwata. Aka yi ta masa dariya. Darasin da ba mu ɗauka ba: titin da minista bai tsira a kai ba, ina ga manomin Tudun Wada?

16/ Kuma Kano ba baƙuwar keke ba ce. Kamfanin Raleigh har masana'anta ya yi a Kano. Tambayi kakanka. Saurayin da ya mallaki sabon Raleigh a zamaninsu, da shi ake zuwa zance, ana goge shi kamar doki. Yaushe abin alfahari ya koma abin kunya?

17/ Yanzu in juyo kanmu, don ba direba kaɗai ke da laifi ba. Da kaka ta yi, gefen titi ya zama wajen shanya. Shinkafa, masara, barkono, an jera duwatsu an tokare. Ɗan wurin da mai keke zai raɓa mun cinye. Dole ya hau tsakiyar kwalta ya yi takara da tirela.

18/ Masu keke, ku ma ku ji naku. Keke ba birki, da silifa ake tsayawa. Ba fitila, ba abin ƙyalli a baya, ga riga baƙa, ga duhun magariba. Wani kuma ya biyo hannun da ba nasa ba. Direban kirki ma ba zai gan ka ba sai ya zo kanka. Kuɗin birki bai kai kuɗin likkafani ba.

19/ Sai 'yan siyasarmu. Muna da mazaɓun tarayya biyu, Kiru da Bebeji, Tudun Wada da Doguwa. Ga 'yan majalisar jiha, ga ciyamomi huɗu, ga kansiloli. Duk kakar zaɓe ana rabon babura ana ɗaukar hoto. Ranar da wani zai tsaya ya yi maganar titin da za a hau baburan, ita nake jira.

20/ Ba abin duniya muke nema ba. Ga su:
• Tudun rage gudu na ƙa'ida, mai fenti da alama, a mashigar kowane gari, kasuwa da makaranta
• Gefen titi mai kwalta, a share shi, a hana shanya a kai
• Fitilu masu aiki da hasken rana a Kwanar Dangora da sauran mahaɗai

21/ • Ƙananan hukumomi su gina dandamalin shanya, don manomi ma ba don jin daɗi yake baza amfaninsa a titi ba
• A raba wa 'yan makaranta abin ƙyalli na liƙawa a keke. Kuɗin babur ɗaya na rabon siyasa zai wadaci makaranta guda

22/ Hukumar kiyaye haɗurra, tun 1988 kuke. KAROTA, sunan jihar Kano kuke ɗauke da shi, kuma Doguwa ma Kano ce. Shugabannin tasha, kun san direbobinku masu tuƙin ganganci ɗaya bayan ɗaya. Limamai, huɗuba ɗaya a kan haƙƙin rai a titi ba za ta yi yawa ba.

23/ Ranar 3 ga Yuni ce Ranar Keke ta Duniya, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana ta tun 2018. Me zai hana samarin Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa mu hau kekuna a ranar, mu kai takardar buƙatun nan sakatariyar kowace ƙaramar hukuma? Cikin lumana, da sanin hakimi.

24/ Kafin ranar, ga aiki: ka rubuto sunan kwanar da ta fi cin mutane a garinku a ƙarƙashin zaren nan. Ka ɗauko hoton wurin, ban da hoton gawa don Allah. Mu tara, mu ambaci wakilanmu har su gaji su amsa.

25/ Kai kuma mai hoton dattijo, ka goge. Buhun da ke kariyarsa, wataƙila shi ne tuwon da za ka ci an jima. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu a titunan nan, ya ba mu zuciyar hana na gaba. A yaɗa.