Waƙoƙin Sallama Na 'Yan Makarantar Japan

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan mujalla tamu in yi magana da 'yan'uwana waɗanda za mu fita tare bana, a kan waƙar da ake rerawa ran sallama. Na sani wani zai ce, mu da ke fama da jarrabawa ina ruwanmu da waƙa, balle ta mutanen Japan waɗanda ko harshensu ba mu ji? To, a yi mini haƙuri a karanta tukuna, sa'an nan a yanke mini hukunci.

A Japan shekarar makaranta tana ƙarewa cikin watan Maris, sabuwa ta soma cikin Afrilu. Haka kuma shekarar kuɗi ta gwamnati, da kama aikin sababbin ma'aikata, duk farkon Afrilu ne. Lokacin nan ne sanyi ke wucewa, wanda mu kan ce da shi bazara don rashin wani suna, ko da yake ba ta da zafi irin tamu. A sa'an nan ne wani itace da su ke kira sakura ke yin fure, fari mai ɗan ja-ja, ya rufe itacen kaf tun ganye bai fito sosai ba, amma bayan mako ɗaya ko biyu sai iska ta kakkaɓe shi. Saboda haka rabuwa da abokai, da shiga sabon wuri, da furen nan mai saurin zuba, duk su kan faɗo wa yaro a lokaci guda. Ba mamaki da mawaƙansu ba su gajiya da zancen.

Tsofaffin waƙoƙin sallamarsu biyu ne, kuma abin da ya ba ni dariya, duka biyu muryar aro ce. Ta fari sunanta Hotaru no Hikari, watau Hasken Maƙesu, an buga ta cikin littafin waƙoƙin firamare a 1881. Ran da na fara jinta sai na ga bakina yana bi, ashe muryar Auld Lang Syne ce ta mutanen Sikotilan, wadda aka koya mana a makarantar mishan. Maganar cikinta ta samo asali daga wani tsohon labarin ƙasar Sin, na almajirai biyu matalauta da ba su da kuɗin man fitila, ɗaya ya tara maƙesu cikin jaka yana karatu da haskensu, ɗaya kuwa yana karatu da hasken da ƙanƙara ke mayarwa. Wanda ya taɓa yin bita a gindin aci-balbal ba sai an fassara masa wannan ba.

Ta biyu ita ce Aogeba Totoshi ta 1884, inda yara ke gode wa malaminsu. Shekara da shekaru ba a san inda muryarta ta fito ba, sai a 2011 wani shehun malami, Sakurai Masato, ya gano ta cikin wani littafin waƙoƙin makaranta na Amurka da aka buga a 1871. Makarantu da yawa sun daina rera ta, domin harshenta ya tsufa har yara ba su gane shi, kuma wasu na ganin bai kamata malami ya tsaya da sanda yana koya wa yara yadda za su yabe shi ba. Muryar tana da daɗi ƙwarai, amma ni ina bayan masu wannan ra'ayi. Yabon kai jahilci, ko da ta bakin yaro aka biyo da shi.

Da aka ɗan ture waɗannan, sai waƙoƙin rediyo da talabijin suka shigo, kuma yawanci yara ne suka jawo su da kansu. Okuru Kotoba, wadda ƙungiyar Kaientai ta yi a 1979, ita ce waƙar wani wasan talabijin na wani malami mai suna Kinpachi, amma Takeda Tetsuya da ya rubuta ta ya faɗa da bakinsa cewa budurwa ce ta guje shi ya yi ta. Sangatsu Kokonoka kuma, watau Tara ga Maris, ta ƙungiyar Remioromen a 2004, don bikin auren abokinsu aka yi ta. Ba wadda aka yi don makaranta, ga shi kuwa an yi shekaru ana kuka da su ran sallama. Wanda ke son ya ɗanɗana, ya fara da Sakura ta Moriyama Naotaro, ta 2003, murya ɗaya ce da piyano, ba hayaniya. Daga nan ya nemi Haru yo, Koi ta Matsutoya Yumi, ta 1994, wadda ke kiran bazara ta zo. Akwai wasu masu sunan Sakura da yawa, har sun ishi mutum, ba sai na jera su ba.

Wadda na ke so 'yan'uwana mata da maza masu zuwa ƙananan sakandare su nemi fassararta ita ce Tegami, watau Wasiƙa, ta Angela Aki. An yi ta a 2008 don gasar waƙa ta makarantu wadda gidan rediyo da talabijin na NHK ke shiryawa kowace shekara. Yaro ne ɗan shekara 15 ya rubuta wa kansa na gaba wasiƙa, yana faɗin damuwar da ba ya iya gaya wa kowa, sa'an nan babban ya ba shi amsa. Na gwada wannan dabara lokacin koyarwar gwaji, na sa aji su rubuta wa kansu wasiƙa, ba don maki ba. Wata yarinya da na ɗauka raguwa ce ta cika shafi uku, kuma daga abin da ta yarda na karanta na gane ashe ita ke ɗebo ruwan gidansu duka kafin ta taho.

Akwai kuma wata da ba na ce a rera ta a gaban iyaye ba, amma lalle kowane malami ya ji ta sau ɗaya. Sunanta Sotsugyo, watau Gama Makaranta, ta Ozaki Yutaka, wanda ya fitar da ita a 1985 yana ɗan shekara 19, ya rasu a 1992 yana da 26. Shi a wurinsa ranar fita ranar kuɓuta ce daga hannun masu mulki, har da zancen fasa tagogin makaranta da dare a ciki. Ba na goyon bayan fasa taga, kada a kai ni gaban Firinsifal. Amma a kowane aji da za a ba mu akwai yaro irin wannan zaune a bencin baya, kuma in an tashi waƙar godiya shi bakinsa kawai ke motsi.

To, yanzu na zo kan wadda ta sa na ɗauki alƙalami. A garin Chichibu, cikin lardin Saitama, akwai wata ƙaramar sakandare mai suna Kagemori, wadda yaranta suka yi suna wajen rashin ji. Shugabanta, Kojima Noboru, bai ƙara bulala ba, sai ya ce yana so ta zama makarantar da ake jin waƙa a cikinta. Shi da malamar waƙa, Sakamoto Hiromi, suka dage, yara na noƙewa da fari, har aka yi shekara uku, makaranta ta gyaru. Da yaran nan suka zo fita a 1991, malamar ta roƙi shugaban ya rubuta musu baitoci. An ce da fari ya ƙi, wai shi ba gwani ba ne, amma da gari ya waye sai ta tarar da takarda a kan teburinta, ta shiga ɗakin waƙa ta sa mata murya nan da nan. Malamai ne suka hau dandamali suka rera wa yara, shi kuwa shugaban a shekarar ya yi ritaya. Sau ɗaya aka yi niyyar rera ta. Amma da shekara ta kewayo sai yara suka karɓa, daga nan aka buga ta cikin wata mujallar malaman waƙa, kafin a ce me ta game ƙasar. Sunanta Tabidachi no Hi ni, watau A Ranar Tashi, kuma tana cikin waɗanda aka fi rerawa ran sallama a Japan.

Ku duba fa, jama'a. A waƙar 1884 yara ke tsayawa su yabi malami, a ta 1991 malami ne ya tsaya ya sallami yara da abin da ya yi da hannunsa. Kuma ba a Kagemori kaɗai aka yi haka ba. Bayan girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011, da haɗarin tashar nukiliya ta Fukushima, an kwashe mutanen Odaka, yaran sakandarensu suka watsu ko'ina cikin ƙasar. Malamar waƙa, Oda Miki, ta riƙa tattara 'yan maganganun da sauran yaran ke yi na kewar abokansu da garinsu, ta haɗa su suka zama waƙar Gunjo, aka rera ta a 2013.

Ba cewa na ke mu ɗauko muryar Japan mu ɗora mata Hausa ba. Mu da muka tashi da waƙoƙin sujada mun san abin da muryar aro ke yi wa harshenmu, inda ya kamata kalma ta hau sai ta sauka, har baƙo ya kasa gane abin da ake faɗi. Su ma Japanawa da aro suka fara kamar mu, sai dai ba su zauna a nan ba. Mu kuwa bara na tsaya a bikin sallamar waɗanda suka riga mu, aka kunna wani faifai na rawa da ba ruwansa da makaranta, aka ci shinkafa, kowa ya kama gabansa.

A ajinmu akwai masu Hausa, da masu Tibi, da masu Yarbanci, da masu Ibo, akwai Musulmi akwai Kirista, kuma na san aƙalla mutum uku masu iya kiɗa. Na kai wa malamin waƙa wannan magana, ya ce in na samu mutum goma zai ba mu ɗaki. Ina da huɗu. Wanda ke so ya same mu ran Asabar da la'asar, ya taho da fensir da takarda.