Yaushe Za A Nuna Yerwa A Majigi Ba Tare Da Bindiga Ba?

Ɗan Arewa mai neman abinci a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ba ya ganin gida sai ta akwatin talbijin. In kuwa daga Jihar Barno ya fito, to, ya riga ya san abin da za a nuna masa: motocin soja, da sansanin 'yan gudun hijira, da ambaliyar da ta ci Maiduguri cikin watan Satumba na 2024 sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. Babu ƙarya a ciki. Illa iyaka maƙwabcinsa na Kurmi, wanda bai taɓa ƙetare Kwara ba, shi ma abin da ya gani ke nan, kuma da shi yake auna mutumin Yerwa a kasuwa da wurin neman gidan haya.

A dubi yadda Amurkawa suke yi da nasu. Unguwar Compton ta Jihar Kalifoniya ta yi ƙaurin suna wajen 'yan daba da harbe-harbe. A nan ne Richard Williams ya riƙa kai 'ya'yansa mata, Venus da Serena, filin gwamnati yana koya musu ƙwallon tanis, wasan da kowa ya ɗauka na masu hannu da shuni ne. Serena ta ci manyan kofunan duniya 23 ita kaɗai kafin ta ajiye wasa a 2022. Masu shirya fim ba su bar labarin ya salwanta ba, suka fitar da King Richard a 2021, har Will Smith ya sami lambar Oscar saboda fitowa a matsayin uban. 'Yan daban suna nan cikin fim ɗin, ba a ɓoye su ba, amma abin da mai kallo ke tashi da shi shi ne uba da kwandon ƙwallaye.

Nijeriya ba ta rasa irin wannan ba, ko a tanis ɗin ma. Nduka Odizor, wanda ya fara da tsintar ƙwallo a Ikko, ya kai zagaye na huɗu a gasar Wimbledon ta Ingila a 1983. Sadiq Abdullahi ya wakilci ƙasar a wasannin Olamfik na 1988. A Ikko ne kuma, cikin Fabrairu 1976, kwana uku bayan kisan Janar Murtala Muhammed, sojoji suka kutsa fili suka kori Arthur Ashe da bakin bindiga yana tsakiyar wasa, alhali shi ne zakaran Wimbledon na 1975. Wane mai rubuta fim ne zai nemi abin da ya fi wannan?

Na Maiduguri ya ma fi kusa da zuciya, ko da yake ƙwallon ƙafa ne. El-Kanemi Warriors ta ci kofin ƙalubale na ƙasa a 1991 da 1992. Da rikici ya yi tsanani, aka tilasta mata ta riƙa buga wasanninta na gida a garuruwan wasu, kamar 'yar gudun hijira. Ta koma gida, ta faɗi, ta tashi, sa'an nan cikin watan Yuni na 2024 ta zo har Onikan a Ikko ta doke Abia Warriors da ci biyu da nema, ta ɗauki kofin bayan shekara 32. Ba a cika wata uku ba ruwa ya shiga garin. Ga gudun hijira, ga komawa gida, ga nasara, ga jarrabawa, duk a labari ɗaya.

Masu fim na Kano za su ce kasuwa ce, soyayya da waƙa su ke kawo kuɗi, kuma tara 'yan kallo a filin wasa don ɗaukar hoto yana cin dukiya. Maganar kuɗi gaskiya ce. Amma tun daga Turmin Danya na 1990 an yi shekara fiye da 30 ana sana'ar, kuma Indiyawan da ake kwaikwayo sun daɗe da wuce nan: Dangal na 2016, labarin wani ɗan kokawa da ya horar da 'ya'yansa mata, yana cikin finafinan da suka fi kawo musu riba. In dai kwaikwayon dole ne, me ya hana a kwaikwayi wannan?

Tashar Arewa24 ta nuna da Daɗin Kowa cewa jama'a za su zauna su kalli rayuwar talaka mako bayan mako ba gajiya. Gidan rediyo da talbijin na Jihar Barno da tashar NTA ta Maiduguri su ne suka fi kowa kusa da 'yan wasan 1991, kuma waɗannan mutane tsufa suke yi. Aikin farko mai sauƙi ne: a kai musu na'urar ɗaukar hoto har gida, a zaunar da su, a tambaye su yadda aka kawo kofi Yerwa.