Sunan Dattijo A Takardun Hukuma Da Na Banki

Wani al'amari ya dami dattawan ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, shi ne takardun shaida da bankuna ke nema kafin su ba mutum dukiyarsa.

Asalin abin, a 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN, wadda sai an ɗauki hoton mutum da zanen yatsunsa. Hukumar katin ɗan ƙasa kuma tana da tata lambar, NIN. A ƙarshen 2020 anka ce a haɗa NIN da layin waya, a Disambar 2023 kuma Babban Banki ya yi umurni a tsare asusun da ba a haɗa shi da lambobin nan ba.

To, wahalar tana ga suna. Dattijo guda shi ne Abubakar ranar da anka yanka masa rago, shi ne Garba a kasuwar Talata. Akawun banki ya rubuta ɗaya, na hukuma ya rubuta ɗaya, na'ura kuwa ba ta san Garba shi ne Abubakar ba. Haka shekaru. Tsoho ya san yana saurayi sa'ad da anka fara ginin madatsar Bakolori, amma rana da wata sai abin da akawu ya ga dama. In takardu biyu sunka saɓa, sai rantsuwa a kotu da biyan kuɗin gyara da zirga-zirga bisa hanyar da ba kullum take da aminci ba. Wani kuma noma ya cinye zanen yatsunsa, ya danna har ya gaji. Abin mamaki, malamin da ya sauke Risala, yana karanta ajamin da ke jikin Naira dubu, a banki sai a miƙo masa tawada ya dangwala.

Nan ɗa ke shigowa, nan kuma fitina ke ɓuya. Don sauƙi sai ya sa lambar wayarsa a asusun mahaifinsa, ya riƙe kati da lambar sirri. Daga ranar, saƙon shigar kuɗi da fitarsu ba ya zuwa ga mai su. Ko ɗan nan amintacce ne, ranar rabon gado 'yan ubansa za su tambaye shi lissafi, ba shi da shaida.

Fiƙihu ya san wannan tun dā, sunansa wakilci. Abin da ya kamata, layin waya ya zama da sunan tsohon, a zaɓi suna guda a daidaita dukkan takardu a kansa tun yana da ƙarfin hawa mota, a naɗa wakili gaban shaidu biyu, a riƙa rubuta abin da anka cire a littafi, ko da ajami ne. In anka bari har ya cika, banki ba ya sakin ko kwabo sai magada sun kawo takardar kotu, da sunan da ya dace da na asusun.