Asarar tattalin arziki sakamakon ciwon tsananin damuwa da fargaba

Ciwon tsananin damuwa da ciwon fargaba su ne cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi yawa a duniya. Bayan wahalar da masu fama da su ke sha, cututtukan biyu suna jawo asarar dukiya ga iyalai da ma'aikatu da gwamnatoci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa asarar ta kai kimanin dala tiriliyan 1 a kowace shekara.

Inda asarar take fitowa

Mafi yawan asarar tana fitowa ne daga raguwar aiki. Wani ma'aikacin yakan kasa zuwa aiki, wani kuma yakan je amma hankalinsa ba ya kan aikin, wani ma yakan bar aikin gaba ɗaya. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun ce ranakun aiki biliyan 12 ne ke salwanta duk shekara ta wannan hanya. A ƙasashen da yawancin jama'a manoma ne ko masu ƙananan sana'o'i, babu hutun rashin lafiya mai albashi, saboda haka nauyin yakan faɗa kan iyali kai tsaye.

Binciken 2016

A watan Afrilun 2016 mujallar The Lancet Psychiatry ta wallafa wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a kan ƙasashe 36. Binciken ya nuna cewa faɗaɗa magani da ba da shawara daga 2016 zuwa 2030 zai ci dala biliyan 147. Ribar da za a samu ta fuskar aiki ta kai dala biliyan 399, ta fuskar ingantuwar lafiya kuma dala biliyan 310. Hukumar ta taƙaita sakamakon da cewa kowace dala 1 da aka kashe tana dawo da dala 4.

Halin da ake ciki

Yawan masu fama da cututtukan ya tashi daga miliyan 416 a 1990 zuwa miliyan 615 a 2013, sannan ya ƙaru da kashi 25 cikin 100 a shekarar farko ta annobar korona. Duk da haka, abin da gwamnatoci ke ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ba. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun magani.

A Najeriya, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958. Tasirin dokar ya dogara ne ga kuɗin da za a ware da kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci.