Wa Zai Biya In Bencin Kafinta Ya Karye?

Kafintan da ke ƙera benci a Maradun, ko mai kai gadaje da kujeru kasuwar Talata Mafara, galibi yana ɗauka cewa da an biya shi an kwashe kaya, magana ta ƙare. A wajen doka ba ta ƙare ba. Dokar kare haƙƙin masu saye wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2019 ta ɗora wa wanda ya ƙera kaya alhakin raunin da aibin kayan ya jawo. Watau in benci ya karye da ɗan makaranta, ko ƙusa ta huda ƙafarsa, ana iya bin sawu har rumfar da aka ƙera shi.

Wannan ƙa'ida ta daɗe. A 1932 babbar kotun Birtaniya ta yanke hukunci kan ƙarar wata mata daga Sikotlan wadda ta ce ta tarar da mushen dodon koɗi a kwalbar lemo, ta tabbatar cewa mai ƙera kaya yana da haƙƙin kula da wanda zai yi amfani da su, ko da ba su taɓa haɗuwa ba. Kotunan Nijeriya sun gaji wannan hukunci. Mutumin Zamfara kuwa ba baƙon irin wannan tunani ba ne, domin malaman Malikiyya tuntuni sun ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka ba shi ya yi aiki.

A ƙasashen waje inshora ce ke ɗaukar wannan nauyi. A 2016 kamfanin IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan wasu sun faɗo kan yara, kuma ya biya iyalai uku dala miliyan 50. Kamfani irin wannan yana iya biya ya ci gaba da ciniki. Kafintan da jarinsa zarto da randa da yara biyu masu koyon aiki, ƙara guda ta isa ta rufe masa rumfa, wanda ya ji raunin kuma ya tashi hannu biyu.

Amma fa samun inshorar ba abu ne mai sauƙi ba. Kamfanonin sun taru a manyan birane, kuma mutane da yawa suna ƙyamar inshorar zamani saboda shakkar riba da caca. Hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, inda mahalarta ke zuba kuɗi a asusu guda don taimakon wanda hasara ta faɗa wa. Ga alama nan ne mafita take, sai dai ba ga kafinta ɗai ɗai ba, domin babu kamfanin da zai aiko wakili Bakura saboda mutum guda. Ƙungiyar kafintoci ce za ta shiga da sunan 'ya'yanta gaba ɗaya.

Sauran aiki na ma'aikatan da ke ba da kwangilar kujerun makarantu ne. In suka sa takardar takaful cikin sharuɗɗa ba tare da ƙara kuɗinta a farashi ba, manyan 'yan kwangila za su cinye aikin, kafintan Maradun ya koma yi musu ƙodago. Kamata ya yi a rubuta kuɗin a jikin kwangila, a kuma riƙa buga sunan kafinta da shekarar aiki a ƙarƙashin kowane benci.